Dariyar Da Ke Warkarwa Da Dariyar Da Ke Yanka

Yau ba dogon wa'azi na zo da shi ba. 'Yar hira ce za mu yi, irin wadda ake yi a ƙofar gida bayan cin tuwo. Amma ku biyo ni har ƙarshe, gama akwai abin da nake so in furta a gabanku.

Ina da wani ɗan littafi a aljihun rigata, inda nake rubuta ƙananan abubuwan ban dariya da nake gamuwa da su. Na farko a wannan mako ni ne da kaina. Ran Litinin da safe na tayar da gida duka neman tabarau ɗina. An ɗaga katifa, an zazzage jaka, har na soma yi wa yara faɗa. Uwargida tana tsaye tana kallona, ba ta ce kome ba. Da ta ga abin zai yi nisa, sai ta ce, "Maigida, taɓa goshinka." Ashe yana bisa kaina tun da na gama karatun asuba. Autarmu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ma na yi, gama ba ni da wata mafita.

A ranar nan ne uwargida ta aike ni Kantin Kwari in sayo mata turmin atamfa domin ankon Zumuntar Mata. Na fito daga Sabon Gari na tari adaidaita sahu. Ku da kuka daɗe a Kano kuna tune da zamanin acaɓa, kafin a hana ɗaukar fasinja a babur a shekarar 2013. A lokacin, fasto yakan isa majami'a da babbar riga a cike da iska kamar laima. Yanzu kuwa mutum uku ne a baya, gwiwa na gugar gwiwa, ko kun san juna ko ba ku sani ba.

Muna tafe ina lura da sunayen wurare. Mai adaidaita yana ta kira, "Bata! Singa! Wapa!" Na tambayi saurayin da ke kusa da ni ko ya san ma'anar sunayen nan. Ya ce, "Baba, ai suna ne kawai." To, ga ɗan abin sani. Bata sunan kamfanin takalma ne. Singa daga Singer ne, wato keken ɗinkin nan da iyayenmu mata suka sani. Wapa kuwa, inda 'yan canji suke a Fagge, sunan gidan silima ne na dā. Fagge kanta masaukin fatake ce tun zamanin ayarin raƙuma. Sabon Garin da muke ciki an kafa shi wajen shekarar 1913, bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, domin baƙin da suka zo aiki da ciniki daga kudu. Ya haura shekara 100 ke nan, amma har yau sunansa Sabon Gari. Na ce wa saurayin, in unguwa mai shekara fiye da 100 tana amsa sunan sabuwa, ni mai hamsin da 'yan kai ban ga dalilin da zai sa ka ce mini Baba ba. Har mai adaidaita ya juyo yana dariya, sai da na ce masa ya dubi gabansa.

Harshen namu ma cike yake da abin raha. Gari wurin zama ne, gari kuma abin tuƙa tuwo ne, tsawon wasalin ne kaɗai ya raba su. Kuka na hawaye daban, kukar miya daban. Wata baƙuwa da ke koyon Hausa ta taɓa tambayata, "Fasto, don me kuke shan miyar kuka? Ba ku da miyar dariya?" Na ce mata akwai, ranar Kirsimati ake yin ta, da kaza a ciki.

Da na isa Kwari, na nufi shagon wani Alhaji da muka saba shekara da shekaru. Shi Bakano ne kuma Musulmi, ni Bazazzagi ne kuma fasto. Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi. Tun daga nesa ya ɗaga murya, "A ba shi hanya, ga bawana ya iso! Fasto, atamfa ne ko atamfa ce?" Yana tsokanata ne da Hausarmu ta Zariya, wai ba mu raba mace da namiji a magana. Na ce, "Alhaji, ko wacce ce, ka dai rage kuɗin. Na san Bakano ko a mafarki ciniki yake yi." Ya sa yaro ya kawo mini kujera da ruwan sanyi. Muka yi ciniki, ya rage mini, ya kuma ce in gai da uwargida, in gaya mata tana da haƙuri da ta iya zama da Bazazzagi.

A hanyar komawa na yi ta tunani a kan hikimar kakanninmu. Sun bar mana wasa tsakanin Kanawa da Zage-zagi, tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Gobirawa da Yarabawa, tsakanin jika da kaka, da tsakanin taubasai. Maganar da za ta jawo faɗa a wani wuri, a tsakanin abokan wasa sai ta zama gaisuwa. Amma wasan yana da ƙa'ida: ka ba ni, in ba ka, mu rabu kowa yana murmushi. Unguwannin nan namu sun ga kwanakin baƙin ciki. Ba mu manta da bam ɗin tashar mota ta New Road a watan Maris na 2013 ba, ko gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016. Duk da haka, gari na wayewa za ka ji mai shayi yana tsokanar mai kayan gyaran mota, kowa da harshensa, kowa da addininsa. Ni ina ɗaukar wannan a kan alherin Allah ne.

'Yan'uwa, akwai waɗanda suke zaton ɗaure fuska shi ne tsarki. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. Littafin Mai Hadishi sura 3 aya 4 ya nuna mana cewa kamar yadda kuka yake da lokacinsa, haka dariya take da nata. Karin Magana 17:22 ta kwatanta farin cikin zuciya da magani. A Farawa sura 17 da 18, da Allah ya yi alkawarin haihuwa ga Ibrahim mai shekara wajen 100 da Saratu mai 90, dukansu biyu dariya suka yi. Da aka haifi yaron, sunan da Allah ya zaɓa masa shi ne Ishaku, ma'anarsa kuwa dariya. Ubangiji Yesu kansa, sa'ad da yake tsauta wa Farisiyawa a Matiyu sura 23, ya zana hoton mutumin da ke tace ɗan ƙwaro daga abin shansa, amma yana haɗiye raƙumi ɗungum. Ku da kuka san tsawon wuyan raƙumi, ku gaya mini ko masu sauraronsa ba su murmusa ba.

To, amma ba kowace dariya ce magani ba. A nan ne zan buɗe shafin littafina da ba na son karantawa.

Shekarun baya, a wata ikkilisiya da na yi hidima, akwai wani dattijo da yake zama kusa da taga kowace Lahadi. Da na soma wa'azi sai ya soma gyangyaɗi. Abin yana damuna, gama nakan kwana ina shirya wa'azin. Wata Lahadi muna karatu a Ayyukan Manzanni sura 20, labarin saurayin nan Aftikos wanda barci ya kwashe shi a bakin taga sa'ad da Bulus yake jawabi, har ya faɗo daga bene na uku. Na ɗaga ido, sai ga Baba yana nasa barcin. Ban yi tunani ba, sai na ce, "Masu tsaron ƙofa, ku matsar mana da namu Aftikos daga taga, gama ni ba Bulus ba ne, in ya faɗi ba zan iya tashe shi ba." Majami'a ta kece da dariya. Baba ya farka a firgice, ya ga kowa shi yake kallo. Na ji daɗi a raina, na ce yau wa'azi ya yi armashi.

Lahadi ta zagayo, kujerar taga ba kowa. Ta biyu ma haka. Yara kuwa sun riga sun kama sunan, ko a hanya suka gan shi sai su ce ga Baba Aftikos. A mako na uku uwargida ta zaunar da ni. Ta ce, "Maigida, ka san aikin da Baban nan yake yi?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Gadin shaguna yake yi da dare. Daga bakin aiki yake wucewa sujada, ko gida ba ya zuwa, don kada ya makara." Jikina ya yi sanyi. Mutumin da ya fi mu duka sadaukarwa, shi na mai da abin dariya.

Da yamma na neme shi a ɗan ɗakin da yake haya. Ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa. Na ce, "Baba, na zo neman gafara ne. Na yi maka ba daidai ba." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Fasto, maganarka da ban dariya, ni ma na sani. Da a ɗakin nan ka faɗa mini, da tare za mu yi dariyar. Amma ka faɗe ta daga bisa bagade, inda ni ba ni da bakin ramawa."

Na yi shekaru a makarantar tauhidi, amma ban taɓa jin darasin da ya shige ni kamar wannan ba. Ni da Alhajin Kwari muna wasa ne a tsaye, kafaɗa da kafaɗa. Ni da Baba kuwa, ina sama da lasifika, yana ƙasa ba shi da kome sai kunya. Karin Magana 26:18-19 ta kwatanta wanda ya cuci maƙwabcinsa sa'an nan ya fake da cewa wasa yake yi, da mahaukacin da ke harba kibau masu wuta. Hausawa kuma suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Da na sāke karanta labarin Aftikos a natse, sai na ga abu biyu da na tsallake. Na ɗaya, Bulus ne ya ja jawabinsa har tsakar dare, wato mai wa'azi ma yana da nasa kason. Na biyu, Bulus bai tsaya a sama yana ba'a ba. Saukowa ya yi, ya rungume yaron.

Lahadin da ta biyo, na tsaya a wurin da na yi laifin, na roƙi gafararsa a gaban jama'a, na kuma gargaɗi yara su daina kiran sunan. Baba ya dawo kujerarsa. Bayan an tashi ya kama hannuna ya ce, "Fasto, na yafe. Amma in ka rage tsawon wa'azin, ni ma zan rage tsawon barcin." Wannan karon tare muka yi dariya, ita ce kuwa dariya mafi daɗi da na taɓa yi a majami'a.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka saki maganar ban dariya a wannan mako, ka tambayi kanka abu uku. Wanda nake yi da shi, yana da bakin ramawa? Maigida da yaron shagonsa, malami da ɗalibi, uwar gida da 'yar aiki, miji da matarsa a gaban baƙi, ba daidai suke tsaye ba. Na biyu, abin da nake tsokana a kai, abu ne da zai iya canzawa? Talauci, rashin haihuwa, naƙasa, in'ina, da Hausar baƙo mai ƙoƙarin koyo, ba abin ba'a ba ne. Na uku, in an gama, shi ma dariya yake yi, ko yaƙe kawai? In kana neman wanda za ka yi wa dariya ba tare da zunubi ba, ka dubi madubi. Wanda ya nemi tabarau yana bisa goshinsa ba zai rasa abin dariya ba har ya tsufa.

In kuwa akwai wanda wasanka ya kora daga gidanka, ko daga zumunta, ko daga sujada, kada ka ce ai ba ya son wasa ne. Ubangiji ya koya mana a Matiyu 5:23-24 cewa shiryawa da ɗan'uwa tana gaba da miƙa baiko. Ka tashi yau ka neme shi. Wataƙila yana can yana jiran sallamarka.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin kyautar dariya, da maƙwabtan da kake faranta mana rai ta wurinsu. Ka gafarta mana inda harshenmu ya yi rauni ga wani. Ka ta'azantar da waɗanda aka mai da su abin ba'a. Ka ba Fagge da Sabon Gari da Kano duka salama, ka sa gidajenmu su cika da farin ciki mai tsabta. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.