Jawabi A Kan Fudin Ɗin Kirsimeti Na Mutanen Ingila

Kowace al'umma tana da abincin da take ji da shi ran babbar sallarta. Mutanen Ingila nasu shi ne fudin ɗin Kirsimeti, wanda ake ci ranar 25 ga Disamba, watau ranar da Kirista ke tunawa da haihuwar Annabi Isa. Ya kamata hakimai da malamansu su san yadda ake yinsa da abin da ke cikinsa, gama aiki ko tafiya kan kai mutum teburin baƙi, ga shi kuwa akwai abin da Musulmi zai so ya tambaya kafin ya sa hannu.

Asalinsa

Tun zamanin da Turawan Ingila suna da wani irin fate da suke yi da nama da busassun 'ya'yan itace. Sannu a hankali aka janye naman, aka bar kitse, aka ƙara masa kauri har ya zama dunƙule da ake ɗaurewa cikin ƙyalle a dafa. A 1845 wata mace mai suna Eliza Acton ta buga littafin girki wanda ya kira shi da sunan da aka san shi da shi yau. Daga baya yawancin gidaje suka bar ƙyalle suka koma ga kwano.

A 1927 kukun Sarki George na Biyar, Cédard, ya ba da tsarin fudin wanda aka samo kayansa duka daga ƙasashen da ke cikin daular Ingila a lokacin: zabibi daga Ostareliya da Afirka ta Kudu, tuffa daga Kanada, kanumfari daga Zanzibar. Manufar ita ce a jawo mutanen Ingila su riƙa sayen amfanin gonar waɗannan ƙasashe.

Kayan Haɗi

Ga misalin awon da zai cika kwano guda madaidaici: zabibi iri iri laba 1, kitsen da ke jikin ƙodar saniya oza 4, marmashin burodi oza 4, jan sukari oza 4, fulawa oza 2, ƙwai 2. Ana ƙara tuffa guda da aka kankare, da ɓawon lemo, da kirfa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi. Ba a banza aka zaɓi kitsen ƙoda ba. Shi ba ya narkewa da wuri kamar man shanu, saboda haka kafin ya narke ƙullin ya riga ya kama jikinsa, sai ya bar ƙananan kafofi a ciki, fudin ya yi taushi bai cushe ba.

Ranar Juyi

Ba a jiran sai biki ya ƙarato. Bisa ga al'ada ana kwaɓa fudin ran Lahadin ƙarshe kafin makonni huɗun shirin Kirsimeti, watau wajen ƙarshen watan Nuwamba. A ranar nan uwargida ta kan tara mutanen gida duka, babba da yaro, kowa ya karɓi ludayin katako ya juya ƙullin, yana ƙudurta wani buri a zuciyarsa. A da akan jefa sisi na azurfa a ciki, wanda ya same shi cikin rabonsa a ce ya yi sa'ar shekara. An daina karɓar sisi a Ingila tun 1980, kuma masu hankali suna gargaɗi a kan wannan wasa, don yaro yana iya haɗiye kuɗin ya shaƙe shi.

Yadda Ake Dafa Shi

Idan an gama juyi akan rufe ƙullin ya kwana, domin zabibi ya sha ruwa ya kumbura. Kashegari sai a shafe kwano da mai, a zuba ƙullin a danna, a rufe baki da takarda mai maiƙo, a yi mata ƙari a tsakiya don fudin ya sami wurin tashi, sa'an nan a ɗaure da kirtani tam. Sai a ɗora kwanon bisa wani faranti cikin babbar tukunya, a zuba tafasasshen ruwa ya kai rabin tsawon kwanon, a rufe, a bar shi bisa wuta kaɗan kaɗan har awa 6 zuwa 8.

A nan ne ake gane mai kula. Ruwan tukunya yana ƙonewa, tilas a riƙa dubawa ana ƙara wani, kuma mai zafi, gama ruwan sanyi zai tsai da dahuwa. In aka yi sakaci tukunya ta bushe, aikin yini ya tafi a banza. Doguwar dahuwar nan ita ke sa fudin ya yi duhu ya yi ƙamshi. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

In ya huce sai a sake masa sabuwar takarda, a ajiye shi wuri mai sanyi marar laima. Ran biki a sake turara shi kamar awa 2, a kife shi bisa faranti, a kai wa jama'a.

Abin Da Musulmi Zai Kiyaye

Yawan sukari da busasshen zabibi suna hana fudin lalacewa, amma akwai abu na uku. Turawa sukan zuba barasa cikin ƙullin, waɗansu su riƙa ɗiga masa ita cikin makonnin ajiya, ran biki kuma su kwarara masa wata su kunna wuta a kai shi tebur yana ci. Kada a ɗauka wutar nan ta cinye barasar duka, bincike ya nuna saura na ragewa cikin abincin. Haka kuma kitsen, ba lalle ba ne dabbar ta sami yankan Musulunci.

To, wanda aka miƙa wa wannan abinci sai ya tambaya da ladabi, in ya ji akwai barasa ya yi godiya ya ba da hanzari. Mai gida mai mutunci ba zai ga laifinsa ba. Wanda kuma yake so a yi shi a gidansa, ana iya sa ruwan lemo ko baƙin shayi a madadin barasa, da kitsen halal ko na mai. Amma fa irin wannan ba ya jure doguwar ajiya, balle a ƙasar zafi, sai a sa shi cikin firij ko a ci shi da wuri.

Abin koyi a nan shi ne, abincin da za a cinye cikin 'yan mintoci an soma shirinsa tun da wata guda, kuma kowa a gidan ya sa hannu. Allah ya sa a amfana, amin.