Wutar Gari Sai 'Yan Gari: Jawabi a Taron Shekara-Shekara

Mai Girma Hakimi, shugabannin wannan ƙungiya, iyayenmu mata, da 'yan'uwana da suka taso daga Kano, Kaduna, Abuja da Ikko.

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, aka sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wuta a 2013. Duk tsawon wannan zamani aikinmu ɗaya ne, wato jira. In an kawo wuta yara su yi sowa, in an ɗauke manya su yi tsaki. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuwa, janareta ma ya fi ƙarfin tela da mai walda.

To, yanzu doka ta ba mu dama. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. A 2016 kuma hukumar NERC ta fitar da ƙa'idar ƙananan tashoshi, waɗanda ba su wuce megawat 1 ba, ta tanadi a ƙulla yarjejeniya tsakanin kamfani da jama'ar gari. Rana kuwa Allah ya hore mana ita kyauta.

Amma ina da jan kunne. Ina shugaban makaranta aka haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Aka yi biki, aka watse. Ranar da famfon ya lalace, babu asusun gyara, babu wanda aka koya wa aikin, babu wanda ya ce nasa ne. Yara suka koma rafi. Zanen aro ba ya rufe katara.

A Jamus, mutanen wani ƙaramin gari mai suna Schönau sun tara kuɗi sun sayi layin wutar garinsu a 1997. Wannan ai aikin gayya ne, mu ma gadonmu ne.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, kada a sa hannu a kan wata takarda sai an karanta ta da Hausa a bainar jama'a, kowa ya ji farashi. Na biyu, kwamitin wuta ya ƙunshi mata, matasa da masu sana'a, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na uku, ku mazauna birni ku sayi hannun jari maimakon ba da kyauta, a ware kuɗin sauya batir, a horar da yaranmu gyara, a kuma karanta mana lissafi kowace Babbar Sallah.

Injiniyoyi, lauyoyi da akantocin da ke zaune a nan, da yawanku da fitilar ƙwai kuka yi karatu a garin nan. Bashi ne a wuyanku, lokacin biya ya yi.

Allah ya albarkaci garinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.