Tata: Makabartar Sojan Afirka a Wani Ƙauyen Faransa

Jama'a, yau za mu yi magana a kan wani ƙauyen manoma a ƙasar Faransa, sunansa Shasale, kamar mil 10 arewa da birnin Liyon. In mutum ya fita bayan garin, sai ya ga wata jar ganuwa a tsakiyar gonaki, kamar an ɗauko ta daga ƙasashenmu. Ana ce da ita Tata, watau ganuwa a bakin mutanen Senegal da Mali. Me ya kawo ta nan?

A zamanin Yaƙin Hitila, cikin watan Yuni na 1940, Jamusawa suka kwararo cikin Faransa. Aka sa wata runduna ta baƙaƙen soja ta tare musu hanyar Liyon. Ana kiransu sojan Senegal, amma kada sunan ya ruɗe mu. Duk sojan da Faransa ta ɗiba daga ƙasashenta na Afirka ta Yamma haka ake ce da su.

Ran 19 da ran 20 ga wata suka yi ta faɗa har harsashi ya ƙare, sa'an nan suka sallama. To, a ƙa'idar yaƙi ba a kashe wanda ya ajiye bindiga. Amma Jamusawa suka ware Turawa gefe guda, suka kora baƙaƙen cikin wani fili, su wajen 50, suka buɗe musu wuta daga tankoki. Launin fatarsu kaɗai ne laifinsu. Kwana biyu bayan haka Faransa ta sa hannu aka tsai da yaƙi.

Mutanen ƙauyen suka fito suka binne gawawwakin. Daga baya wani ma'aikacin ofishin tsofaffin soja, Jean Marchiani, ya sayi filin, ya sa aka tattaro waɗanda aka kashe a ƙauyukan kewaye, aka gina ganuwar. An buɗe ta ran 8 ga Nuwamba, 1942, tun Jamus na da ƙarfinta. Har ƙasa aka kawo daga Dakar aka zuba a wurin.

Sojan Afirka ta Yamma 188 ke kwance a ciki, waɗansunsu kuwa ba suna a kan kabarinsu. A 1966 Gwamnatin Faransa ta karɓi wurin, ya zama makabartar ƙasa. A 2019 kuma aka gano hotuna 8 da wani sojan Jamus ya ɗauka ran kisan, suka tabbatar da abin da mutanen ƙauyen suka daɗe suna faɗi.