Aikin Kwamfuta Bai Tsaya a Sashen Kwamfuta Ba



Kusan kowace shekara sai ɗalibi ya tare ni a bakin aji ya ce, "Malam, in na gama karatun kwamfuta, ina zan sami gurbi a jami'a?" Da na ɗan bincike shi sai in ga ƙofa ɗaya yake kallo, ta sashen da zai yaye shi. Sauran ƙofofin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru kuwa ko leƙa su bai taɓa yi ba.

Mu fara da sunan da ke jikin cibiyar kwamfutar Jami'ar Ahmadu Bello. Farfesa Iya Abubakar malamin lissafi ne, a Kambirij ya yi digirinsa na uku, ya kuma shugabanci wannan jami'a daga 1975 zuwa 1978. Ba banza aka ɗora sunan mai lissafi a kan wurin ba. Kwamfuta baiwar lissafi ce. Wanda ya guje wa uban gidan, ba zai ji daɗin aiken baiwar ba.

To, ina aikin yake? Ku je Cibiyar Binciken Makamashi. Tun 2004 take da na'urar nukiliya ta bincike, ta farko a Nijeriya. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfi, kuma kafin kowa ya taɓa ta sai da aka kwaikwayi yadda za ta kasance a cikin kwamfuta, aka sake, aka kuma sakewa. Abin da ba a wasa da shi da hannu, da lissafi ake fara gwada shi. Wannan shi ne zuciyar fannin da muke magana a kai.

Ku tsallaka titi zuwa Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda tushenta ya koma 1922, shekara 40 kafin a buɗe jami'ar kanta. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, da aka saki a 2019, daga nan ya fito. Bayan kowane iri akwai tarin alƙaluma na damina da damina: ruwan sama, ƙasa, yabanya, yawan amfani. Masanin noma ya san shukarsa, amma yana neman mai iya sa alƙaluman nan su yi magana. Haka abin yake a Shika, ko asibitin koyarwa ko cibiyar binciken dabbobi.

Ba zan ɓoye muku ɗacin ba. Matakin farko na aikin jami'a albashinsa ba ya kai mutum ƙarshen wata in ya shiga kasuwar Sabon Gari da jerin cefane. Ba a hawa sama sai da digiri na uku da rubuce-rubuce a mujallu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata 8. Ni kaina na taɓa barin lissafi yana gudana kwana biyu, wuta ta ɗauke, na koma farko. Ga kuma kamfanonin Turai da Amurka suna ɗaukar yaranmu da dala, suna zaune a ɗakunansu na Samaru. Ban ga laifin wanda ya tafi ba.

Amma mai niyyar zama, hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund tana ɗaukar nauyin karatun malamai da bincikensu. Shawarata ita ce tun a aji uku ka zaɓi fanni na biyu, noma ko lafiya ko harshen Hausa ma, ka je ka gaida masu shi, ka roƙi alƙaluman da ke kwance a kabad ɗinsu, ka gina aikinka na kammala digiri a kansu.