Ɗaura Ƙyallen Iska Ga Allon Da Ke Tashi Bisa Ruwa



Muna godiya da aka ba mu wannan dama mu yi bayani a kan wani wasan ruwa wanda yawancinmu a talabijin kaɗai muka taɓa ganinsa, alhali kuwa ilmin iska da na ruwa da muke karantawa a aji duk yana ƙunshe a cikinsa. Wasan shi ne mutum ya tsaya bisa allo, ya riƙe ƙyalle mai kama iska, iskar ta ja shi. Wasu Amurkawa biyu, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, suka sami rajistar ƙirarsa a 1970, ya kuma shiga wasannin Olamfik a 1984. Daga bisani aka ƙara wa allon fiffike a ƙarƙashi, wanda in gudu ya kai, sai ya ɗaga allon sama da ruwa. Irinsa aka hau a Olamfik na 2024 a tekun Marseille ta Faransa, inda ƙyallen maza ya kai murabba'in mita 9, na mata 8.

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa ɗan ƙaramin fiffike ke ɗaukar ƙato. Da zarar allo ya rabu da ruwa, abin da ke riƙe shi ya ragu ƙwarai. Saboda haka mai fiffike yakan zaɓi ƙyalle ƙarami fiye da wanda zai ɗauka a allon gargajiya cikin iska iri ɗaya.

Wajen ɗaurawa, da fari a haɗa sandar tsaye, wadda biyu take. A share yashi daga mahaɗinta, a kuma tabbata ta haɗu sarai, domin in an bar tazara tana iya karyewa a tsakiyar ruwa, mutum ya rasa abin komowa gaɓa. Sai a zura ta cikin hannun ƙyallen, a ja igiyar ƙasa, sa'an nan a ɗaura mariƙi, a ja igiyar baya.

A nan ne gwaninta take, kamar yadda makaɗin kalangu ke sanin iyakar matsa tsirkiya. Igiyar ƙasa ita ke lanƙwasa sanda. In ta lanƙwasa, gefen ƙyalle na baya daga sama sai ya yi sako-sako, ya riƙa zubar da iskar da ta yi yawa. Masu allon gargajiya suna son haka domin guguwa. Mai fiffike kuwa yakan sassauta igiyar kaɗan, gefen ya ɗan ɗame, domin in ya fizgi ƙyallen cikin iska mai rauni ya sami ƙarfin da zai tashe shi. Amma in an sassauta fiye da kima, iska mai ƙarfi na bugowa za ta wurga shi gaba.

Igiyar baya ita ke hukunta zurfin cikin ƙyalle. In an sake ta, cikin ya yi zurfi, ƙarfi ya ƙaru. In an ja, ya baje, ya yi sauƙin sarrafawa. Haka kuma gindin sanda: in an tura shi gaba yakan danne hancin allo, in an ja shi baya allon ya yi saurin tashi. Haɗarin shi ne fiffike ya fito sarari, domin nan take ɗagawar ke ɓacewa, allo ya faɗo da ƙarfi. Bakin fiffiken yana da kaifi, don haka hular kwano da rigar kariya wajibi ne.

Shawararmu ita ce a sauya abu ɗaya tak, da 'yan santimita, a gwada, sa'an nan a taɓa na biyu. Wanda ya sauya uku a lokaci ɗaya ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata. Wannan ita ce ƙa'idar ɗakin gwaje-gwajenmu, kuma za ta amfani waɗanda suka kama aikin gwamnati a cikinmu. Sannu ba ta hana zuwa.