Tatsuniyoyin Ƙasar Ailan da Marubucin Littafin Farko



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne matsalar marubucin da ya ɗauki alƙalami karo na farko, yana nufin ya ƙago labarin soyayya mai al'ajabi daga cikin tatsuniyoyin ƙasar Ailan. Matsalar tasa ba ta rashin kayan aiki ba ce. A shekarar 1935 gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar tattara adabin baka, kuma daga 1937 zuwa 1939 yara 'yan makaranta fiye da 50,000 suka rubuto abin da suka ji daga bakin iyaye da kakanni. Taskar tana Kwalejin Jami'a ta Dablin, an kuma sa babban sashenta a intanet. Wahalar tana cikin halin labaran ne su kansu.

Mai karanta labarin soyayya yana so a rufe littafi masoya suna tare. Tatsuniyoyin Ailan kuwa ba safai suke yarda da haka ba. Ku dubi labarin Oshin. Niyab ta zo bisa farin doki ta ɗauke shi zuwa Tir na Nog, wato ƙasar da ba a tsufa. Ya zauna abin da yake tsammani shekara uku ne, alhali kuwa ɗari uku sun shige. Da begen gida ya kama shi, ta ba shi dokin, ta gargaɗe shi kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya tarar da wasu mutane suna fama da wani dutse, ya sunkuya ya taimake su, majayi ya tsinke, ya faɗi, nan take ya zama tsoho tukuf. Bai sake ganin Niyab ba.

Haka nan labarin Diyarmid da Giraniya. Ita an yi mata baiko da shugaban mayaƙa, Fin, sai ta ɗora wa Diyarmid abin da suke kira gesh, wato sharaɗin da ba ya karyuwa sai da halaka, cewa lalle ya gudu da ita. Daga baya aladen daji ya yi masa mummunan rauni. Fin yana da baiwar warkarwa da ruwan tafinsa, amma don ƙiyayya ya bar ruwan ya tsiyaye, har mai rauni ya cika.

To, a nan ne sabon marubuci yakan yi tuntuɓe. Yakan ɗebi sunaye, da duwatsu, da kyakkyawan basaraken aljanu, ya bar dokar da ke riƙe da su, wato duk abin da aka karɓo daga waccan duniyar sai an biya. Mutanen karkara na Ailan ba su ɗauki waɗannan halittu abin wasa ba. "Mutanen kirki" suke ce musu don tsoro, kamar yadda mu mukan ce mutanen ɓoye. A shekarar 1895, a gundumar Tipperary, wani mutum ya ƙone matarsa, Bridget Cleary, yana cewa aljanu sun musanya masa ita. Wanda ya san wannan ba zai mai da al'adar kayan ado kawai ba.

Ashe ke nan ba dama masoya su tsira? Akwai dama, in an biya farashin a gaban idon mai karatu. Misalinmu shi ne littafin farko na Juliet Marillier, haifaffiyar Niyu Zilan, mai suna Daughter of the Forest, wanda ya fito a 1999. Ƙashin labarin daga tatsuniyar da 'yan'uwan Grimm suka rubuta a Jamus yake, amma ta dasa shi a Ailan, inda tun da can ake da labarin 'ya'yan Lir huɗu waɗanda matar ubansu ta mai da su fararen tsuntsayen ruwa, dangin dinya, har shekara ɗari tara. Yarinyar littafin, Sorcha, tilas ta kame bakinta, ta saƙa wa yayyenta shida riguna da wani tsiro mai cin hannu. Cikin wannan shirun ne ta haɗu da mutumin Birtaniya, abokin gabar danginta, ba ta da ikon gaya masa ko sunanta. Sun sami juna a ƙarshe, amma rigar ƙarshe ba ta kammala ba, ɗaya daga yayyen ya wanzu da fiffike a maimakon hannu.

Saboda haka shawarata ga mai farawa uku ce. Ya zaɓi tatsuniya guda, ya karanta ruwayoyinta daban-daban. Ya gano dokar da ke cikinta tun kafin ya raɗa wa jarumansa suna. Sa'an nan ya sa dokar nan ta zama ita ce katangar da ke tsakanin masoyan, don kada al'ajabi ya bi hanyarsa, soyayya ta bi tata. In ya yi haka, mai karatu zai yarda da farin cikin ƙarshe, domin ya ga abin da aka saye shi da shi.