Takardun da Aka Tono a Juji

 

Ran nan wani dattijo a ajinmu ya kawo mini wata ƴar takarda daga gafakar mahaifinsa, an rubuta ta da ajami, gara ta ci gefe guda. Ya ce, "Malam, duba mini, ko in zubar?" Ashe shaidar jinginar gona ce, da sunayen shaidu uku. Na ce, "Baba, wannan ta fi rumbun hatsi."

To, ku ji abin da ya faru a Misira. A shekarar 1897 Turawa biyu daga Ingila, Grenfell da Hunt, suka tona jujin wani tsohon gari da yanzu ake kira Bahnasa, kudu da Alƙahira. Suka tarar da takardu dubbai na Misirawa da Girkawa, waɗanda aka yi da wani irin kara mai tsira a bakin kogin Nilu. Busasshen rairayi ne ya kiyaye su kusan shekara 2,000. Me ke ciki? Takardun lanho, da na bashi, da na aure, da wasiƙun gida. Har da ta wani yaro mai fushi da ubansa don ya ƙi tafiya da shi Iskandariya.

A ƙarƙashin takardu da yawa, marubuci yakan ƙara cewa shi ya rubuta domin mai ita bai san harafi ba. A ƙasar Fayum kuma, wajen shekarar 185, an yi wani magatakardan ƙauye, Petaus, wanda bai iya rubutu sosai ba. An samu takardar da ya yi ta kwafar sa hannunsa, layi bayan layi. Da ya tsallake harafi guda, sai ya ci gaba da maimaita kuskuren. Ga alo irin naku!

Mu fa? Bature Barth ya sauka Tasawa a 1851, ya rubuta labarin kasuwarta, har da farar da ake sayarwa. Amma wannan idon baƙo ne. A Yamai akwai tsofaffin takardun Larabci da ajami waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa, sai dai galibinsu na malamai ne. Labarin manomi da mai dakan hatsi, wa zai rubuta shi in ba ku ba?

Saboda haka, kowa ya duba adakarsa. Takardar da kuka samu, ku raba ta da gara da ruwan damana. Bashin da kuka ba da, da damin da kuka ɗaure bana, ku rubuta da hannunku. Abin da aka bar wa baki, ranar gardama sai a rasa shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.